PhotoPills: ta san inda wata zai fito, sauran aikin naka ne

Gaskiya in dai kana ɗaukar hoton duwatsu, koguna da sararin sama, wannan manhaja ta PhotoPills za ta rage maka wahala sosai. Wasu 'yan Sifen ne suka yi ta, tana kan iPhone da Android duka, kuma aikinta ta nuna maka a taswira inda rana ko wata za su ɓullo da inda za su faɗi, ko da ranar ta baɗi ce.

Planner ɗin nan, wato sashen tsara ɗauka a kan taswira, shi ya fi burge ni. Ka dasa jan fil inda za ka tsaya, baƙin fil a kan dutsen da kake so, sai ka riƙa jan lokaci da yatsa kana kallon layin wata yana juyawa har ya hau kan dutsen, shikenan ka samu rana da minti. Har girman watan tana lissafa maka fa, in ka tsaya nisan kilomita 1 daga bishiya watan zai fito kamar faɗin mita 9 a gefenta, ka ƙara nisa ya ƙara girma, sai dai ka tanadi dogon lens. Akwai kuma lissafin filta mai duhu da ke rage hasken da ke shiga kamara, ka ɗora ta stop 10 (kowane stop na rage rabin haske) sai ɗaukar da ke cin 1/60 na sakan ta koma wajen sakan 17, ba sai ka tsaya ƙirge da yatsu haske na gudu ba.

Ba a iya ta a rana ɗaya dai, abubuwan cikinta sun yi yawa. Kuma ba ruwanta da gajimare, wannan sai ka duba hasashen yanayi daban.

Inda nake da magana shi ne yadda take sa mutum ya baro gida da hoton a kansa. Ya kafa kamara ya ƙura wa gabas ido yana duba agogo, a bayansa kuwa hazo ya kwanta cikin kwari rana na dukansa, ko waiwaye bai yi ba don ba ya cikin tsari. Shi ya sa Instagram ta cika da ƙaton wata a kan hasumiya, duk sun yi kyau wallahi amma ba ka gane na wane ne.

Ansel Adams, shahararren mai ɗaukar hoto ɗan Amurka, a mota yake a 1941 ya hango wata a saman ƙauyen Hernandez a New Mexico, ya taka burki, ya nemi mitar haske ya rasa, ya yi lissafin da ka, guda ɗaya tak ya samu ɗauka kafin hasken ya bar maƙabartar. Lissafi ya cece shi, amma ai sai da ya gani tukuna ya tsaya.

Na ba PhotoPills tauraro 4 cikin 5. Mai farautar husufi ko Milky Way, wato farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama da dare, ya sauke ta kawai kar ya yi dogon tunani, wanda ya sayi kamara jiya kuma ya ɗan jira tukuna.