Forfe, akwatin wifi ko memori: wanne ya dace da mai kallon bidiyo a Maraɗi?

Mai yawan kallon wa'azi, kokawa ko fim a waya, mega ce ke cinye masa kuɗi. Kafin ka saki jikkunanka, dubi abin da ke kasuwa.

Forfen waya ya fi sauƙin samu. Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom da Niger Telecom duk suna sayarwa. Kada talla ta zaɓa maka. Rezon da ke gudu a unguwar Zariya yana iya rarrafe a Ali Ɗan Sofo, saboda haka sayi na yini ɗaya ka gwada cikin ɗakinka bayan Isha'i, lokacin da kowa ya hau. Sannan ka shiga saitin YouTube ka sauke ingancin hoto: a 720p awa guda tana cin wajen giga ɗaya, a 360p ko rabin haka ba ta kaiwa. A fuskar ƙaramar Itel, in malami ne zaune yana karatu, me ka rasa? Ka kuma hana bidiyon Facebook kunna kansu.

Akwatin wifi na aljihu na gidan da wayoyi suka yi yawa ne. Tambayi mai shago ko yana karɓar layin kowane kamfani, don wasu a kulle suke zuwa. Starlink kuwa, intanet ɗin tauraron ɗan Adam da ya fara aiki a Nijar a 2025, sai mai shago ko ƴan fada da za su haɗa kuɗi, kuma in aka ɗauke wuta babu sola, shi ke nan.

Ni dai memori na fi ba mutane shawara. Ka sauke abin da kake so inda wifi yake, ko abokinka ya tura maka ta Xender ba tare da mega ba, ka kalla sau nawa ka ga dama. Amma jabu ta yi yawa. Za a rubuta 64GB a jiki, wayar ma ta nuna haka, sai ka zuba kaya bidiyon ƙarshe su ƙi buɗewa. Wanda farashinsa ya yi araha fiye da kima, bar shi. Kada ka bar gaban teburin mai sayarwa sai an cika shi da fina-finai, ka buɗe na farko, ka buɗe na ƙarshe, ka ja shi zuwa tsakiya. 32GB na gaske ya ishi yawancin mutane.