Abin da za ka saya kafin ka fesa wa akwatin katako fenti a Legas

Ƙanena da ke gyaran waya a Agege ya haɗa akwatin ajiye kayan aiki da hannunsa, yana so ya fito baƙi wuluk, da santsi irin na jikin mota. Ya sayi gwangwanin fenti uku ya fesa kai tsaye a kan katakon. Da ya bushe sai ga gefuna sun shanye fentin tas, fuskar kuma ta yi kaushi kamar harshen saniya. Ya kira ni: "Yaya, anya fentin nan ba jabu ba ne?" Fentin lafiyarsa ƙalau. Kuɗin ne ya tafi gaba ɗaya ga launi, alhali santsi daga abin da ke ƙarƙashin launin yake fitowa.

Fara da duba irin katakon da ke hannunka, don shi zai faɗa maka abin saye. Idan MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, ka ɗauko a kasuwar katako ta Amu da ke Mushin, fuskarsa sumul take tun daga masana'anta, amma duk inda zarto ya bi yana shan fenti kamar soso, kuma da ruwa ya taɓa shi sai ya kumbura. Firaima, wato fentin ƙasa da ake fara sawa kafin launi, kada ka sa masa wadda aka haɗa da ruwa a gefen. Filawud, wato falle-fallen katako da aka manne, yana da zanen itace da ƙananan ramuka a baki. Katako irin iroko da mahogani kuwa ƙofofin jikinsa a buɗe suke, ko ka fesa sau goma za su leƙo muddin ba ka toshe su ba.

Na toshewa iri uku ne a kasuwa. Akwai silar kafintoci, mai toshe ƙofofin katako, da ake sirkawa da tina (ruwan tsinka fenti), tana bushewa da wuri, tana da daɗin gogewa, buroshi ma ya isa a shafa ta. Akwai firaima ta gwangwani, galibi ruwan toka, mai sauƙin aiki amma siririya, ba ta cike rami. Sai firaima mai kauri ta masu fentin mota, wadda za ka samu a shagunan da ke kewayen kasuwar kayan mota ta Ladipo. Ni a gefen MDF sila nake sawa sau biyu ko uku, ina gogewa a tsakani, sannan firaima ta biyo baya a kan akwatin duka. Ramin ƙusa da mahaɗar katako kuwa, da fila ake cike su, kuma filar mota mai haɗin biyu ta fi filar katako, don ba ta motsewa bayan ta bushe. Sai dai ka kwaɓa kaɗan-kaɗan, cikin 'yan mintuna take sandarewa.

Kada ka yi rowar samfefa, ita ce mafi arha a cikin kayan nan kuma ita ke yin aikin. Ƙaramar lamba ta fi kaushi: lamba 120 zuwa 220 a kan katako tsirara, 320 ko 400 a kan sila da firaima, 600 kafin launi. Naɗe ta a jikin guntun katako mai lebur, domin yatsu suna barin kwari da tudu waɗanda ba za ka gani ba sai fenti ya hau. Guga da jiƙaƙƙiyar samfefa sai bayan katakon ya rufu ruf.

A wajen launi, za ka ga gwangwanayen Bosny da Abro a shaguna da yawa, Rust-Oleum kuma a manyan kantuna da tsada. Sunan kamfani bai kai abin da aka rubuta a jikin gwangwanin muhimmanci ba. Mai akirilik da ke bushewa cikin mintuna ya dace da wanda zai yi aiki a tsakar gida, don ƙura ba ta samun lokacin manne masa, kuma idan ya zubo za ka iya gogewa ka maimaita a ranar. Enamel yana jinkirin bushewa, yana kwanciya da kyau, ya fi jure karce, amma yana da sharaɗi: yawanci ko ka ƙara shafi cikin awa guda, ko ka jira kwana biyu. Ka ƙara a tsakani, ya tattare. Haka kuma fenti mai tina mai ƙarfi idan ya hau kan enamel sai ya ɗaga shi. Don haka firaima da launi da kiliya, wato fenti marar launi da ake rufe sama da shi, su zama 'yan gida ɗaya, kuma ka gwada su a kan ragowar katakon kafin ka taɓa akwatin.

Baƙi mai sheƙi ba ya rufa asiri, duk wani karce zai fito da shi fili. Wanda yake aikinsa na farko ya ɗauki marar sheƙi ko mai ɗan sheƙi.

Ga kuma zaɓin kai wa mai fentin mota ya fesa da bindigar feshi. Idan akwatin babba ne, kamar na lasifika ko kantar shago, wannan ya fi, don gwangwani mai mililita 400 ba ya nisa, kuma bindiga tana shimfiɗa fenti daidai. Kiliyar 2K, wato mai haɗin biyu, da suke sawa ta fi duk wata ta gwangwanin yau da kullum ƙarfi da sheƙi. Amma tana ɗauke da sinadarin da ke lahanta huhu, takunkumin yadi ba ya tare shi, saboda haka ba abin fesawa ba ne a gidan haya inda yara ke wasa. Ka yi sila da guga a gida, ka kai masa ya yi feshin, kuɗin zai ragu. Tambaye shi ko kwamfiresarsa tana da matatar ruwa, domin a iskar Legas tankin yana tara ruwa, ya tofo shi cikin fenti. Sayen kwamfiresa da bindiga don akwati ɗaya asarar kuɗi ce.

Laimar garin nan ita ce abin da mutumin da ya saba da Kano ko Sakkwato yake mantawa. Fenti mai saurin bushewa yana sanyaya fuskar katako, raɓa ta sauka a kai, sai ka ga baƙi ya yi fari-fari kamar hazo. A watan Yuni da Yuli abin ya fi tsanani. Mai bindiga yana iya zuba sinadarin da ke jinkirta bushewa, mai gwangwani ba shi da wannan dama, sai dai zaɓen lokaci: daga hantsi zuwa azahar, a inuwa, ranar da ba hadari. Da asuba ko bayan ruwa ya ɗauke, haƙura. A hunturu, wajen Disamba da Janairu, iska ta fi bushewa amma ga ƙura, sai ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin ka fara.

Da muka sake aikin ƙanena, mun goge tsohon fentin, muka sa sila sau uku a gefuna, firaima gwangwani ɗaya, launi biyu. Na ce ya girgiza gwangwanin minti biyu cur, ya tsaya nesa da kamar santimita 25, ya fara feshin daga wajen akwatin ya ƙare a waje, shafi siriri sau huɗu. Ya so ya zuba kayansa washegari, na hana shi, don fentin da ya bushe a taɓawa cikinsa da sauran taushi. Sai da ya yi mako guda muka bi shi da samfefa 1500 da 2000 da ruwa, muka goge da man folish na mota, sannan ya ɗaura masa hannu da makulli.