Hattara da mai sayar da jabun jan ruwan gejin mai na tsofaffin motoci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan saƙo na masu aikin gyaran tsofaffin motoci ne a nan Amurka, musamman mu 'yan gida da muke aiki a garejojin da ke farfaɗo da motocin da suka haura shekara 80. Akwai wani mutum da ke yawo a zaurukan saye da sayarwa na Facebook yana tallar jan ruwan gejin mai tare da murfin tanki. Ɗan damfara ne. Ya cuce mu a garejin da nake aiki, ya kuma cuci dattijon da ya ba mu amanar motarsa. Ba zan kira suna ba, don sunan da ya yi amfani da shi ya riga ya sauya. Yadda yake aikinsa ne bai sauya ba, shi zan bayyana.

Motar Ford ce ƙirar 1934. Wanda bai taɓa buɗe dashbod ɗin irinta ba, zai ɗauka gejin mai allura ce da wayar lantarki, kamar na kowace mota. Motocin Ford na 1932 zuwa 1935 ba haka suke ba. Gejinsu na kamfanin King-Seeley ne da ke Ann Arbor a jihar Michigan, kuma da iska yake aiki, babu lantarki ko kaɗan. Sai a 1936 Ford ta koma na lantarki. A cikin tanki akwai wani ɗan ƙoƙon ƙarfe a kife kusa da ƙasa, da iska maƙale a cikinsa. Nauyin fetur na danna iskar, ita kuma ta bi wani siririn bututun tagulla har gaban direba, ta tura jan ruwa sama a cikin ɗan bututun gilashi. Fetur ya yi yawa, ruwan ya hau. Ya ragu, ya sauka. Shi ke nan.

Sirrin duka yana cikin nauyin ruwan. Sunansa tetrabromoethane, tsofaffin littattafan gyara na kiransa acetylene tetrabromide, ana rina shi ja don a gani. Ya kusa ninka nauyin ruwan sha sau 3, ya ninka na fetur kusan sau 4. Shi ya sa zurfin fetur na santimita 20 a tanki ke ɗaga shi kamar santimita 5 kacal, ya tsaya daram cikin ɗan gilashin. In ka zuba abu mara nauyi, wannan iskar za ta ɗaga shi fiye da ninki uku, kuma gilashin a buɗe yake ta sama. Ina zai je? Waje.

Abin da mutumin nan ya aiko mana man giya ne, jan nan na motoci masu canja giya da kansu, ya ɗura a 'yar kwalba mai ruwan ƙasa ya manna takarda mai rubutu irin na da. A ido ba ka da abin cewa. Mun cika geji har layin farko kamar yadda ake yi, muka haɗa bututu, muka zuba fetur bai kai rabin tanki ba, ruwan ya haye ya zubo ta bayan dashbod, ya sauka a kan sabuwar shimfiɗar da aka ɗinka wa motar. Wata biyu mai ɗinkin ya yi kafin ya kawo ta.

Ba ruwan kaɗai ba ne. A cikin kayan har da murfin tanki mai ƙyalli, wai kyauta. Wannan murfin ya fi ba ni haushi, don shi ne zai iya tsayar da mutum a tsakiyar babbar hanya. Tankin tsofaffin motoci ta murfi yake numfashi, akwai 'yar kafa da iska ke shiga ta maye gurbin fetur da inji ya sha. Murfi mara kafa sai wajen 1970 da 1971 ya zama ruwan dare, lokacin da dokar hana tururin fetur fita ta fara aiki a California sannan a sauran Amurka, kuma waɗannan motocin an yi musu wata hanyar numfashi daban. Na mutumin nan ba shi da kafa. Da muka gwada motar, ta yi kamar minti 20 lafiya lau, sai ta fara tari, ta mutu. Na kwance murfi na ji tanki ya ja iska, fuu. Na tayar ta tashi nan take. Famfon mai yana ja, babu iskar da ke shiga, har ya gaji. A wasu motocin tankin ma lotsawa yake yi. In kuma mota ta sha rana a toshe, tururin fetur ya kumbura, matsin ya bi bututun nan ya watsar da jan ruwan, ko da na ƙwarai ne. Ka ga ke nan ko ka yi sa'ar samun ruwa mai kyau daga wani wuri, murfinsa zai sa ka zargi gejin.

Nan damfarar take. Da maigidana ya rubuta masa abin da ya faru, amsa ta zo cikin minti kaɗan, cikin ladabi da nuna sani. Ya ce ruwansa ba shi da matsala, gejinmu ne ya tsufa ya toshe, mu cire mu aiko masa ya sabunta shi, a biya rabin kuɗin aiki tukuna. Ya turo hotunan geji da ya ce shi ya gyara. Ya ce a tura kuɗin ta hanyar da ake tura wa 'yan uwa da abokai, wai don kada a cire haraji. Ku sani, kuɗin da aka tura ta wannan hanya ba shi da kariyar mai saye, in ya tafi ya tafi. Maigidana ya tura kuɗi, ya kuma aika gejin. Mako biyu ana “yana hanya”, na uku ya toshe mu.

Kuɗin ba su ne suka fi ciwo ba. Gejin na asali ne, tun daga masana'anta yake jikin motar, kuma motar mahaifin dattijon ce. Ni na kira shi na faɗa masa. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya tambaya ko akwai hanyar dawo da shi. Har yau ina jin wannan tambayar. Ina kyautata zaton gejin da yake karɓa su ne ainihin abin da yake farauta, ya sayar wa wani a matsayin na asali. Ruwa da murfi tarko ne kawai. Bayan mun ba da labari, mutum biyu sun same mu da irin wannan ƙorafi, kalma ɗaya ba ta bambanta ba.

Da mun yi gwajin minti biyar da duk wannan bai faru ba, don haka ku riƙe shi. Ku ja mililita 10 da sirinji ku ɗora a ƙaramin sikeli, bayan kun cire nauyin sirinjin. Na ƙwarai zai ba ku giram 29 zuwa 30. Man giya bai kai giram 9 ba. Tun a hannu ma kwalbar gaske tana ba da mamaki, 'yar ƙarama amma kamar da dalma a ciki. In babu sikeli, ku ɗiga ɗigo ɗaya a kofin ruwa: na ƙwarai zai nutse ya dunƙule a ƙasa, mai kuwa zai bazu a sama. Ɗan ɓallin gilashi ma yana iyo a kan na ƙwarai. Murfi kuma ku juya shi ku nemi kafar, ku hura da iska ku ji ko ta wuce. In an rubuta yana da kafa amma iska ba ta wucewa, ku ajiye shi.

Ku kula, na ƙwaran guba ne. Yana cutar da hanta, yana shiga ta fata. Safar hannu, ƙofa a buɗe, kuma kada a ja shi da baki. Ruwan da kuka yi gwaji da shi kada ya shiga magudana. Mai sayarwa na gaskiya zai iya ba ku takardar bayanin haɗarin sinadarin. Mutumin nan da muka tambaya daga baya cewa ya yi nasa “ba ya cutarwa”. Wannan kaɗai ya isa shaida.

In gejinku ya daina nunawa, kada ku yi saurin cire shi ku aika wa kowa. Sau da yawa rana ce ta kashe jan launin, ruwan na nan ba a ganinsa, ko iska na zurara a mahaɗar bututu, ko fetur ya shiga bututun. Ana kwance shi a hure shi da famfon taya na hannu, ba da injin iska ba, don na inji yana tafe da danshi. In dole sai an aika, ku nemi wanda ƙungiyar masu irin motar ta sani, mai adireshin da za a iya zuwa, ku ɗauki hoton gejin ta kowane ɓangare, ku biya ta hanyar da ke da kariya.

Mun kai rahoto ga 'yan sanda da masu kula da zaurukan da yake talla, biyu sun cire shi. A makon jiya na sake ganin hoton 'yar kwalbar nan mai ruwan ƙasa, da murfin a gefenta, a ƙarƙashin wani sabon suna. Duk wanda ya ci karo da tallar, don Allah ya ɗauki hotonta kafin a goge, ya turo min.