Diflomar Shekara Biyu a Fannin Adabi da Zamantakewa a Wata Ƙaramar Kwaleji a Kano

Daga cikin ƙananan kwalejoji masu zaman kansu da suka yawaita a birnin Kano akwai wata da ke ba da diflomar shekara biyu a fannin adabi da zamantakewa, inda ɗalibi ke karanta Turanci da Hausa da tarihi da kimiyyar siyasa da darasin addinin Musulunci a haɗe, ba tare da an killace shi a fanni guda ba. Ƙanena a can ya kammala, kuma ni na ɗauki nauyin karatunsa.

Babban abin yabo shi ne ƙarancin ɗalibai a aji. Malamin Turanci yakan karɓi insha'i kowane mako, ya dawo da shi cike da jan biro, sannan ya kira ɗalibi ofis ya nuna masa inda jimla ta karye da inda hujja ta yi rauni. Duk wanda ya taɓa zama a babban ɗakin lacca na jami'a, inda malami ke magana da lasifika ga ɗaruruwan mutanen da bai san sunan ko ɗaya ba, ya san wannan ba ƙaramin gata ba ne. Malamin tarihi ma bai tsaya ga karanto takarda ba. Ya kai su Gidan Makama, daga nan ya sa kowa ya rubuta bayani kan Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, da yadda Kasuwar Kurmi ta kafu a zamaninsa. Yaron da a da ba ya iya haɗa sakin layi biyu, yanzu shi ke rubuta wa 'yan unguwa takardar neman aiki.

Ɗakin karatu kuwa sai a hankali: littattafan tsofaffi ne, kwamfutocin ba sa tashi sai an kawo wuta. Yawancin malaman na wucin gadi ne, suna da aiki a wasu makarantu, don haka ɗaga lacca ba abin mamaki ba ne. Haka nan ba a faɗin kuɗin jarrabawa da na katin shaida tun farko, sai zango ya yi nisa.

Inda ya kamata iyaye su buɗe ido shi ne takardar shaidar kanta. Wannan difloma ba sana'a take koyarwa ba, amfaninta shi ne ta kai ɗalibi aji biyu na jami'a ta hanyar shiga kai tsaye, wadda hukumar JAMB ke sayar da fom ɗinta, kuma kowace jami'a tana da nata sharuɗɗan kan irin diflomar da take karɓa da makin da take buƙata. Kafin a biya ko sisi, a nemi ganin shaidar amincewar hukumar NBTE mai kula da ilimin fasaha da ke Kaduna ko takardar alaƙar kwalejin da wata jami'a, sannan a je Jami'ar Bayero, ko duk inda ake hari, a tambaya baki da baki. Difloma kuma ba ta share buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, abin da ya taka wa wasu abokan ƙanena birki bayan sun gama.

Mai gaggawa wanda ya riga ya san fannin da yake so, shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, wato karatun share fagen shiga aji biyu na jami'a, mai darussa uku da ake gamawa cikin kusan shekara guda, ya fi dacewa da shi. Wannan kwaleji ta fi amfanar yaron da ya fito sakandare rubutunsa bai nuna ba, kuma bai tsai da shawara tsakanin shari'a da aikin jarida da koyarwa ba.