Kilomita 2,000: awa uku a shafi, awa tara a tikiti

Wani ɗan'uwa ya tambaya a zauren nan: tsakanin ƙananan filayen jirgin sama biyu da yake son bi kilomita 2,000 ne, shafin lissafin nisa ya ce tafiyar awa uku ce, tikiti kuma ya nuna awa tara. Wanne zai gaskata?

Malam, duka biyun ba ƙarya suka yi ba, amma tikitin za ka bi.

Shafin lissafi layi ɗaya yake ja, mafi gajarta a bayan ƙasa, ya raba nisan da gudun jirgi. Manya irin Boeing 737 suna cin kusan kilomita 850 a awa, wato awa 2 da minti 20, a ƙara rabin awa na tashi da sauka. Nan lissafinsa ya ƙare. Ka ma duba ma'aunin da shafin ya yi amfani da shi, ko kilomita ne ko mil, domin mil ɗin matuƙa jirgi kilomita 1.852 ne, na mota kuwa 1.609.

Shi tikiti daga lokacin da aka ture jirgi baya daga inda yake fake yake ƙirgawa har ya tsaya cak a wancan filin. Kuma ƙananan filaye da wuya su haɗu kai tsaye, fasinjojin ba sa cika jirgi. Sai a kai ka babban fili, ka yada zango, ka hau wani. Tashi biyu, sauka biyu, hanya ta lanƙwashe, ga zaman jira na awa uku ko huɗu kana hamma a kujera. Galibi kuma jirgin da ke zuwa irin waɗannan filaye mai farfela ne, kamar ATR 72, wanda gudunsa kusan kilomita 500 ne a awa. In ya cika da mutane, mansa ma ba zai kai 2,000 a tashi ɗaya ba.

Sai iska, wadda shafin bai san da zamanta ba. Can sama akwai wata mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, shi ya sa New York zuwa Landan kusan awa 7 ne, dawowa kusan 8, alhali nisan bai canza ba. A watan Fabrairun 2020 ta tura wani jirgin British Airways har ya isa Landan daga New York cikin awa 4 da minti 56.

Wani abin da ke ruɗa mutane: lokacin tashi da na sauka kowanne da agogon garinsa ake rubuta shi, don haka kada ka ɗebe wannan daga wancan, jimillar awanni za ka duba.

Ni dai in zangon bai kai awa ɗaya da rabi ba, kuma tikitocin ba a haɗe suke ba, ba na saye. In jirgin farko ya makara, na biyu ba zai jira ka ba, kuma kamfanin ba ruwansa.