PS5 ko kwamfuta: kada lambar teraflop ta ruɗe ka

Masu talla sun fi son su cika maka kunne da teraflop, wato yawan lissafin da injin hoto ke yi a daƙiƙa ɗaya. Na'urar wasan bidiyo ta PS5 da ta fito a Nuwamban 2020 tana da kusan 10.3, kishiyarta Xbox Series X tana da 12, katin hoton kwamfuta RTX 3080 na kamfanin Nvidia kuwa, wanda shi ma ya fito a 2020, ya kusa 30. A takarda sai ka ce ya ninka PS5 sau uku. A gaban allo tazarar ba ta kai haka ba, domin ƙirar Nvidia da ta AMD, kamfanin da ya ƙera injin hoton PS5, kowacce da yadda lambarta ke fitowa.

Ni dai PS5 na fi so. Ƙarfin hotonta bai wuce na katin RTX 2070 Super ko RX 6700 ba, amma kayan cikinta iri ɗaya ne a ko'ina, shi ya sa masu haɗa wasanni ke tatse ta yadda ya kamata. Dubi yayarta PS4: a 2013 ta zo da teraflop 1.84 kacal, sa'ar katin Radeon HD 7850, amma har 2018 ta ɗauki wasan God of War lafiya lau. Series X tana da ƙarfi, sai dai ba ka jin bambancin a ido. Ƙanwarta Series S mai teraflop 4 ba ta ma cikin lissafina.

In kuwa kwamfutar ka nace, to buɗe idonka a kan katin hoto, nan ne 'yan damfara suka yi sansani. An taɓa sayar mini da kati a kwali mai sheƙi da sunan GTX 1050 Ti, ashe tsohon GTS 450 ne na 2010 aka sauya masa BIOS, wato manhajar da ke cikin katin mai gaya wa kwamfuta sunansa. Kwamfuta na nuna sunan bogin, wasa na fara nauyi sai hoto ya tarwatse. Duba bayan katin: in ka ga shuɗin ramin VGA, tsohon ramin jona allo da 1050 Ti na gaske ba shi da shi, ajiye katin. Sa manhajar GPU-Z a gaban mai sayarwa, takan tona asirin jabu. Haka katin hannu da aka yi haƙar kuɗin kirifto da shi dare da rana a 2021: saurari kukan fankarsa, ka sa wasa mai nauyi na rabin awa ka ga zafinsa. Wanda ya hana ka gwaji, kada ka ba shi kuɗinka.