Kamfanin da ya kai mu Kilimanjaro: inda suka burge ni da inda suka ba ni haushi

Masu tambayata wane kamfani muka bi zuwa hawan dutsen Kilimanjaro, nawa suka karɓa, kuma ko sun yi abin kirki, ga amsarku gaba ɗaya, don na gaji da maimaitawa a kemis tsakanin mai neman maganin zazzaɓi da mai neman na tari. Sunan kamfanin ba zan rubuta ba, tunda akwai inda zan taɓa su. Ƙaramin kamfani ne na 'yan ƙasar a garin Moshi da ke gindin dutsen, a arewacin Tanzaniya. Ni da ƙanena muka tafi daga nan Katsina, aka haɗa mu da wasu Turawa mata da miji.

Bari in fara da kuɗi, don nan ne hankalin kowa yake. Kowannenmu ya biya abin da ya ɗan haura dala 2,000, ban da jirgi da biza. Da farko na ɗauka cuta ce, sai da aka baje mani lissafin. Hukumar gandun dajin da dutsen ke ciki tana karɓar dala 70 a kowace rana a kan baƙo, dala 50 a kowane dare na kwana a tanti, dala 20 na ceto, sannan a ɗora haraji na kashi 18 cikin ɗari. Hawan kwana 7 ke nan kusan dala dubu ta tafi aljihun gwamnati tun kafin a sayi ƙwayar shinkafa. Sauran ne za a biya jagorori, kuku, 'yan dako, mota da abinci. Saboda haka in ka ga kamfani a intanet yana tallan dala 1,200, ka san a jikin wani za a fanshe, kuma yawanci a jikin ɗan dako ne. Ba kuma yadda za ka yi ka hau kai kaɗai don tsimi, doka ta hana kowa shiga sai da jagora mai lasisi.

Jirgin Ethiopian muka hau daga Kano zuwa Adis Ababa, daga can zuwa filin jirgin Kilimanjaro da ke tsakanin Moshi da Arusha. Mai fasfon Najeriya ba a ba shi biza a filin jirgi, sai ya nema tun daga gida kuma tana ɗaukar lokaci. Kamfanin ya turo mana takardar gayyata da wuri, wannan na yaba. A riƙe katin rigakafin shawara a hannu.

Abu na farko da ya sa na natsu da su tun muna magana ta WhatsApp shi ne sun ƙi sayar mana da abin da muka nema. Mun zaɓi hanyar Machame, ƙanena ya nace a yi ta kwana 6 don ta fi araha. Mai kamfanin ya tambayi tsayin garinmu daga teku, na ce mashi Katsina ba ta wuce mita 500 da 'yan kai ba. Ya ce to ku ɗauki ta kwana 7 ko ku nemi wani kamfanin. A matsayina na mai harkar magani na san gaskiya ya faɗa. Ƙofar Machame inda ake fara tafiya tana wajen mita 1,800, ƙololuwar Uhuru kuwa mita 5,895 ce, kuma a can iskar da huhu ke samu a kowane numfashi kusan rabin ta bakin teku ce. Ƙarfin ƙafa ba ya maganin wannan. Jiki lokaci yake so ya saba, ya ƙara saurin numfashi, ƙoda ta daidaita jini. An tsara hanyar ne yadda za ka hau sama da rana ka sauko ka kwana ƙasa: a rana ta uku za ka kai wani dogon dutse da ake kira Lava Tower, wajen mita 4,600, ka ci abincin rana da ciwon kai, sannan ka gangaro zangon Barranco mai mita 3,900 da ɗoriya ka kwana. Kwanan da aka ƙara a zangon Karanga da ke gaba ake yinsa. Na sha Diamox, maganin da ke taimaka wa jiki ya saba da tsayi, bayan na yi shawara da likita. Yana taimakawa, amma yana sa yatsu su riƙa tsikari, ga yawan fitsari, kuma fita daga tanti da ƙarfe biyun dare a wannan sanyi ba wasa ba ne.

Jagoranmu Bachaga ne, wato ɗan ƙabilar da ke noman ayaba da gahawa a gangaren dutsen, mutum marar yawan magana. Safe da yamma sai ya zo da ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa, ya auna iskar jini da bugun zuciya, ya rubuta a wani littafi da ya sha ruwa ya kumbura. Amma na lura lambar ba ita ce ta dame shi ba. Kallon farantinka yake yi ya ga ko ka cinye, ya tambayi launin fitsarinka ba kunya, ya saurari yadda kake haɗa magana. A kan hanya kuma shi ke gaba, yana tafiya kamar mai rakiyar amarya, ba wanda ya isa ya wuce shi. Ƙanena ɗan ƙwallo ne, watanni ya yi yana hawa da sauka a matakalar filin wasa na Karkanda kafin tafiyar, don haka wannan jan ƙafa ya dame shi ƙwarai. Kullum sai ya matso ya ce, "Yaya, wallahi da ni kaɗai ne da tuni na kai."

Abinci ya fi yadda na zata. Tun daga gida na gaya masu mu Musulmi ne, suka ba mu kuku Musulmi, shi ya sayo naman da kansa wurin mahaucin da ya sani a Moshi. Da safe akwai kunu mai zafi da ƙwai da burodi, in an iso zango da yamma a tarar da gugguru da shayi, da dare miya mai ruwa-ruwa a kofi sannan shinkafa ko taliya ko dankali. Na roƙe shi ya riƙa ɗebo mani daga tukunyar 'yan dako, don tuwon masararsu da suke kira ugali ya fi zauna mani a ciki. Girkinsu ba yaji ko kaɗan, duk mai zuwa ya tafi da nashi. Kilishi da dabinon da na ɗauka daga kasuwa su suka riƙe ni a sama, lokacin da ko ƙanshin mai ba na son ji.

Maganar salla ma sun kyauta, ko da yake sai da na tambaya. Alƙibla a can arewa take, da ɗan karkata kaɗan zuwa gabas, abin da ya ɗan rikita wanda ya tashi yana fuskantar gabas tun yana yaro. Kukun ne ya nuna mana. Suna kawo ruwan ɗumi a roba da safe da yamma, na roƙi a ƙara mana na alwala, ba su yi ƙorafi ba. Mun yi ƙasaru muna haɗa salloli. Daga kwarin Karanga ruwa ya ƙare, duk ɗigon da ake sha a zangon Barafu, mita 4,673, a ka aka hau da shi. Da na ga yaran da ke hawowa da bokitan, taimama na koma yi. Ban ɗaki kuwa, na gwamnati rami ne da katako, kuma ba zan bayyana shi ba. Mun ƙara kuɗi aka ɗauko mana namu na tanti. A tafi da buta, ba za ka samu a can ba.

Yanzu ga inda suka ba ni haushi. Kayan sanyin da suka ba mu haya ba su da kyau. Mutumin Katsina ba shi da dalilin mallakar rigar ƙanƙara, don haka dole mu yi haya. Jakar barcin da aka ba ni zif ɗinta ya mutu tun daren farko, ga warin wanda ya kwana cikinta kafin ni. Na yi magana, aka ce sai dai in an sauka. Da igiyar takalmi na riƙa ɗaure bakinta har muka gama. Safar hannun ƙanena kuma ta dama daban, ta hagu daban. Wanda zai je ya baje kayan hayar a otal tun a Moshi, ya ja kowane zif da hannunsa, ya ƙi karɓar abin da bai yi mashi ba.

Na biyu ya fi ci mani rai. A ƙofar shiga ana auna kayan kowane ɗan dako a sikeli, bai kamata kayan baƙo da ke kansa su wuce kilo 20 ba, kuma an auna a gabanmu. Amma akwai wani yaro cikinsu, da wuya ya kai shekara ashirin, da takalmin kambas wanda tafinsa ya siɗe. Na gan shi a bangon Barranco, inda mu muke kama dutse da hannu biyu muna lallaɓawa, ya wuce mu da buhun tanti a wuya, yana ba mu haƙuri wai mu ɗan matsa. Kamfanin da ke karɓar dala dubu biyu a kan mutum ɗaya bai kamata ya bar ma'aikacinsa haka ba. Sannan ba wanda ya yi mana bayanin kuɗin goro dalla-dalla sai a daren ƙarshe, aka kawo takarda da jerin sunaye, kuma sunayen sun fi mutanen da na saba gani a zango da mutum biyu. Na ce a tara mani kowa da safe in ba shi nashi a hannu. Aka yi 'yan kame-kame, aka ce biyun sun sauka tun daga Karanga. Wataƙila gaskiya ne, Allah masani. Akwai ƙungiyar KPAP da ke sa ido kan haƙƙin 'yan dako a dutsen, tana kuma fitar da sunayen kamfanonin da suka yarda a bincike su. Namu ba ya ciki.

Duk da haka, abin da ya faru daren hawa na ƙarshe shi ya sa ba zan ce kada a bi su ba. Mun tashi daga Barafu wajen sha biyun dare, kowa da fitila a goshi, layin fitilu har sama kamar ba zai ƙare ba. Ruwan gorata ya daskare kafin ƙarfe uku. Can wajen ƙarfe huɗu ƙanena ya yi amai, ya ce ba komai. Jagoran ya tsayar da mu, ya haska fuskarsa, ya tambaye shi sunan garinsu, sannan ya ja layi a ƙasa da sandarsa ya ce ya taka a kai, diddige na taɓa yatsa. Taku uku ya yi ya karkace. Jagoran bai ɗaga murya ba, ya ce sauka zai yi yanzu. Ƙanena ya riƙe mani hannun riga yana cewa, "Yaya, don Allah ka yi mashi magana, saura kaɗan fa." Na ce, "Bi shi kawai, me zan gaya wa Hajiya in wani abu ya same ka?" Tangaɗi irin wannan a wannan tsayi alama ce ta ruwa ya fara taruwa a ƙwaƙwalwa, kuma maganinsa na gaskiya sauka ne, ba jira. Suna da tulun iska, suka sa mashi, mataimakin jagora ɗaya ya kama shi suka juya. Da yake kamfanin ya turo jagorori uku a kan mu huɗu, sauranmu muka ci gaba. Na ga wata tawaga da dukansu suka koma saboda mutum ɗaya, don jagoransu ɗaya ne tal. Wannan tambaya ce da ya kamata a yi kafin a tura ko sisi: jagora nawa ne a daren ƙarshe, kuma akwai tulun iska?

Mun isa Stella Point da ke gefen saman dutsen, mita 5,756, gari na wayewa ta bayan tsaunin Mawenzi. Nan na yi asuba a zaune da taimama. Daga nan zuwa Uhuru ba wani hawa mai tsanani, amma ya ɗauke ni kusan awa ɗaya, taku goma in tsaya. Ƙanƙarar da ake gani a hotuna tana nan a gefe, bango-bango, sai dai fiye da kashi 80 cikin ɗari na wadda aka auna a 1912 ta narke. Tsakaninta duk baƙar ƙasa ce da tsakuwa. Bajamushen nan Hans Meyer da ya fara kaiwa can a 1889 sai da aka sassara mashi matakala a cikin ƙanƙara, mu kuwa a kan turɓaya muka taka. Minti goma sha biyar jagoran ya ba mu, ya karɓi wayata ya ɗauke ni hoto don yatsuna sun ƙi aiki, ya ce mu tafi.

Saukowa ba wanda ke ba da labarinta, alhali ita ta fi cin gwiwa. A rana ɗaya za ka gangaro daga mita 5,895 zuwa zangon Mweka, wajen mita 3,100. Farcen babban yatsana ya yi baƙi, daga baya ya fita. A Barafu na tarar da ƙanena zaune yana shan shayi, garau, sai dai ba ya yi wa kowa magana. A ƙofar Mweka aka ba ni takardar shaida, shi ba a ba shi ba.

Wanda ke da niyya ya nufi Janairu zuwa Fabrairu ko Yuni zuwa Oktoba, ya kauce wa damina mai ƙarfi ta Maris zuwa Mayu. Ƙanena ya ce zai koma ta hanyar Lemosho mai kwana 8, kuma da wannan jagoran yake so, duk da fushin da ya yi da shi. Na ce mashi ya je, amma ya sa su rubuto mashi adadin 'yan dako da kuɗin goron kowa tun kafin ya biya, jakar barci kuma ya sayi tashi.